DAGA AFARETA ZUWA INTANET: TARIHIN WAYAR OFIS DA MAI ZAMA A TSAKIYA

 A wannan makon za mu ɗan jingine labarin soyayya, mu taɓa tarihi, amma tarihin wani abu da ba ya rabuwa da labaran namu.

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na Hausa ya san wurin nan da Alhaji yake zaune a ofis, sanyin iyakwandishan na ratsa shi, sai ya miƙa hannu ya ɗauki kan waya, ya danna lamba ɗaya tak, ya ce wa sakatariya ta shigo da baƙo. Mu marubuta mun rubuta wannan ba adadi. To amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi ta inda maganar Alhaji take bi kafin ta isa kunnen sakatariya? Kuma in kiran daga waje ya zo, wa yake yanke hukuncin teburin da zai sauka? Amsar ita ce, ko yaushe akwai wani a tsakiya. Wani lokaci mutum ne, wani lokaci akwati ne a bango, yau kuma kwamfuta ce da mai yiwuwa ba a ƙasar ma take ba. Tarihin wayar ofis kaf ɗinsa rigima ce a kan wannan kujera ta tsakiya, kuma duk mai shago ko makaranta ko asibitin da zai sayi wayoyi a yau, ya sani ko bai sani ba, zaɓen wanda zai ɗora a kan kujerar yake yi.

MAI BINNE GAWA DA YA KORI AFARETA

A watan Maris na 1876 ne Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar fasahar wayar tarho a Amurka. Da farko wayoyin bibbiyu ake haɗa su, wato in kana son magana da mutum goma, sai an ja maka igiya goma. Wannan ba mai yiwuwa ba ne, don haka a Janairun 1878 aka buɗe mahaɗar kira ta kasuwanci ta farko a garin New Haven, da masu layi 21 kacal. Kowace waya igiyarta ta zo ta ƙare a jikin wani allo, akwai mutum a zaune gaban allon. In ka ɗaga waya shi za ka fara samu, ka gaya masa wanda kake nema, shi kuma ya soka igiya ya haɗa ku. Wannan shi ne afareta.

Samari aka fara ɗauka aikin, sai aka ga ba su da haƙuri, ga tsiwa ga wasa da masu kira. A watan Satumba na shekarar aka ɗauki wata mata mai suna Emma Nutt a birnin Boston, daga nan kuwa aikin ya koma hannun mata kusan gaba ɗaya.

Sai dai ku duba girman amanar da ke hannun afareta. Ta san wanda ya kira wa, ta san da ƙarfe nawa, in ta ga dama ta saurara. Nan ne wani mutum mai suna Almon Strowger ya shigo labarin. Shi ba injiniya ba ne, sana'arsa shirya gawa da binne ta a birnin Kansas, domin a can wannan sana'a ce ta kuɗi mai gasa. Labarin da ake bayarwa shi ne, ya ga ciniki yana ja baya, sai ya zargi afaretar garin da cewa tana da alaƙa da abokin gasarsa, kuma duk wanda aka yi wa rasuwa ya kira yana neman mai binnewa, sai ta karkatar da kiran can. Maimakon ya tsaya cacar baki, sai ya zauna ya ƙirƙiro na'urar da za ta haɗa kira da kanta, mai kira ya danna lamba, ƙarafuna su motsa su nemo layin. Ya sami takardar mallakarta a 1891, kuma a 1892 aka kafa mahaɗa ta farko irin wannan a garin La Porte na jihar Indiana. Na'urori masu ɗauke da sunansa sun yi shekaru da dama suna aiki a ƙasashen duniya bayan mutuwarsa.

Ku riƙe wannan labari, don za mu sake cin karo da irinsa a kasuwanninmu.

OFIS YA SAMI TASA MAHAƊAR

Da kamfanoni suka girma, sai aka ga wauta ce a ja wa kowane tebur layi daga mahaɗar gari. Ma'aikata 100 ba sa kiran waje a lokaci guda, kuma yawancin maganarsu ma tsakaninsu ce. Sai aka kawo ƙaramar mahaɗa cikin ginin, wadda ma'aikatan waya ke kira PBX. Layuka biyar ko goma su shigo daga gari, ita kuma ta rarraba su ga tebura masu yawa, kowane tebur da gajeriyar lambarsa. Kiran cikin gida kyauta ne tun da bai fita ginin ba, shi ne muke ce wa intakom. In za ka kira waje kuma, sai ka fara danna 9 ko 0 ka karɓi layi.

Amma a Amurka, wannan akwati da wayoyin da ke jikinsa ba na mai ofis ba ne. Na kamfanin AT&T ne, haya kake biya kowane wata, kuma doka ba ta ba ka damar jona wata na'ura da ba tasu ba. Babu maganar zaɓe, abin da aka kawo maka shi za ka karɓa. Wani mutumin Texas mai suna Thomas Carter ne ya fasa wannan ƙwai. Ya ƙera wata na'ura da ke haɗa rediyon oba-oba na masu aikin haƙar mai da layin tarho, kamfanin ya ce bai yarda ba, magana ta kai gaban hukumar sadarwa ta ƙasar, a 1968 ta yanke hukuncin cewa kowa na iya jona na'urarsa muddin ba za ta cutar da layin ba. Daga wannan hukunci ne kasuwar wayoyin ofis ta buɗe, kamfanoni suka shiga gasa, har a 1975 kamfanin Northern Electric na Kanada ya fito da mahaɗar ofis mai aiki da lissafin kwamfuta. Shi kansa AT&T an tarwatsa shi gida-gida a farkon 1984. Wato tambayar "wace irin waya zan saka a ofishina?" ba ta daɗe da samuwa a duniya ba.

NAMU RABON A NIJERIYA

A nan gida, Turawan mulkin mallaka ne suka kawo waya don aikin mulkinsu, ba don talaka ba. Igiyar tangarahu ta ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Landan a 1886, daga baya layuka suka bi hanyar jirgin ƙasa da ofisoshin gwamnati. Lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960, layukan tarho na ƙasar duka ba su kai 20,000 ba. Ma'aikatar gidan waya, wato P&T, ita ke kula da kiran cikin gida, kamfanin NET kuma na ƙasashen waje. A 1985 aka haɗe ɓangaren tarho na P&T da NET aka haifi NITEL.

Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun san yadda abin yake. Ka cike fom ka jira shekara da shekaru. In an sa maka, sai ka ɗaga kai ka yi ta jiran sautin layi kamar mai jiran ruwan famfo. Damina ta zo igiya ta jiƙe, layi ya mutu. Wani lokaci takardar kuɗi ta zo da kiran ƙasar da ba ka taɓa jin sunanta ba, saboda wani ya hau layinka a kan hanya. Shi ya sa aka riƙa sa wa waya ɗan kwaɗo a falo, shi ya sa kuma a labaran wancan zamani, in aka ce gidan su yarinya akwai waya mai lamba 064, an gama gaya maka ko 'yar wace ce a Kano. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 ta shiga shekara ta 2000 da layukan da ba su kai rabin miliyan ba.

A irin wannan hali, ƙaramar mahaɗar ofis ta zama dole. Banki ko otal ko ma'aikata da ta samu layi biyu ko uku da ƙyar, sai ta sa akwatin Panasonic ko makamancinsa a bango, a rarraba. Mai kula da allon kuwa ta zama 'yar lele, domin sai ta ga dama za ka sami layin waje.

Sai 2001 ta zo. A watan Janairu hukumar NCC ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi ya kai naira 20,000 ko fiye, minti ɗaya naira 50, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya fara sauka. Wayar tebur ta zama abin ajiye takarda. NITEL ya yi ta jinya daga hannun wannan mai saye zuwa wancan, har aka sayar da kadarorinsa ga kamfanin NATCOM a 2015.

To a nan ne muka yi wani tsalle da ba mu lura da shi ba. Ofisoshinmu da shagunanmu sun bar mahaɗa gaba ɗaya, lambar kasuwanci ta koma layin da ke aljihun yaron shago. A allon talla lambarsa ce, a jikin leda lambarsa ce, abokan ciniki daga Maraɗi zuwa Njamena shi suka sani. Tun da aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN a ƙarshen 2020 kuwa, layin a hukumance na wanda sunansa ke jiki ne. Ranar da aka ɓata ya tafi ya buɗe nasa shagon, da ciniki ya tafi. Wannan fa shi ne ainihin kukan Strowger, sai dai shi afareta yake zargi, mu kuma da hannunmu muka miƙa kujerar.

MURYA TA SHIGA INTANET

Yayin da muke fama da layin NITEL, a can wata dabara ce take girma. Tsohuwar waya in ka kira, ana keɓe muku hanya guda ku biyu har ku gama, ko kuna magana ko kun yi shiru. Masu binciken kwamfuta suka ce, me zai hana a yayyanka murya ƙulli-ƙulli, kamar guda 50 a kowace daƙiƙa, a rubuta wa kowane ƙulli adireshi, a jefa shi cikin hanyar da sauran saƙonni ke bi, in sun isa a sake jera su? An gwada wannan tun 1974 a kan ARPANET, kakar intanet. Amma sai a 1995 wani kamfanin Isra'ila mai suna VocalTec ya fitar da manhajar da mutum zai saya ya yi magana daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A 1998 kamfanin Cisco ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Selsius da ke ƙera wayoyin tebur masu bin igiyar kwamfuta. A 1999 aka fitar da ƙa'idar da ake kira SIP, aka gyara ta a 2002, wato yaren da wayoyi ke amfani da shi wajen sallama da buɗe kira da rufe shi, kuma tun da yaren na kowa ne, wayar wannan kamfani na iya aiki da mahaɗar wancan. A 1999 ɗin dai, wani matashi a jihar Alabama mai suna Mark Spencer ya buɗe ɗan kamfaninsa, ya nemi mahaɗar ofis, ya ga kuɗin ya fi ƙarfinsa. Sai ya rubuta tasa a matsayin manhaja, ya sa mata suna Asterisk, ya sake ta kyauta ga duniya. Daga ranar, tsohuwar kwamfuta a lungun ofis na iya yin aikin akwatin da a da sai manyan kamfanoni. Skype ya biyo baya a 2003, ya koya wa talakan duniya cewa ana iya kiran ƙasar waje ba tare da an sayar da akuya ba.

Mu a lokacin abin bai yi mana daɗi sosai ba, kuma akwai dalili. Yawancin gidajen intanet na Arewa da tauraron ɗan'adam suke aiki, shi kuma yana sama da nisan kilomita kusan 36,000. Kafin murya ta hau ta sauko an ci rubu'in daƙiƙa, alhali masana sun ƙayyade cewa in jinkiri ya wuce kashi 15 cikin 100 na daƙiƙa, hira ta fara lalacewa. Shi ya sa za ka ji mutum yana "Hello? Kana ji na?" shi da ɗan'uwansa na Jidda suna ta karo da juna. Sai da igiyoyin MainOne da Glo-1 na ƙarƙashin teku suka fara aiki a Legas a 2010, aka kuma ja igiyoyin gilashi zuwa cikin ƙasa, sannan abin ya fara daidaita.

RAƊA WA WAYA SUNA

Ga wani bambanci da ya kamata mai saye ya fahimta. Tsohuwar waya ba ta san komai ba, lambar tana jikin igiyar bango ne. Ka cire wannan ka jona waccan, lamba ba ta canza ba. Wayar intanet kuwa ƙaramar kwamfuta ce, kuma in ta fito daga kwali kamar jinjiri take, ba suna ba dangi. Sai an yi mata raɗin suna.

Yadda ake yi shi ne, kowace waya tana da wata lambar haihuwa mai harafi 12 da masana'anta ta buga a bayanta, babu wata wayar da ke da irinta. Mai haɗa tsarin zai shigar da wannan lamba a cikin mahaɗa, ya ce wannan ta teburin akawu ce, gajeriyar lambarta 102. Da an jona wayar, sai ta nemi adireshi a cikin hanyar sadarwar ofis, a ba ta, a kuma nuna mata inda za ta je ta karɓo takardarta. A cikin takardar akwai sunanta, da lambarta, da kalmar sirri, da adireshin mahaɗar da za ta yi wa mubaya'a, har da aikin kowane maɓalli. Ta karanta, ta kashe kanta ta kunna, sai ga sunan akawu a fuskarta. Waya uku ana iya yi musu da hannu, amma waya 50 sai ta wannan hanya. Manyan masu ƙera wayoyin irin su Yealink ma sun tanadi wurin da sabuwar waya ke fara leƙawa ta intanet, don haka ana iya aika ta cikin kwali daga Kano zuwa reshen Gusau, a jona kawai ta nemo gida da kanta.

Sauƙi ne babba, amma ku lura: duk wanda ke riƙe da wannan takarda shi ke riƙe da wayoyin. In wanda ya haɗa muku tsarin ya tafi da kalmar sirrin shugabanci, ko ya yi rajistar wayoyin da sunan kamfaninsa, to ranar da kuka so canza shi za ku gane kayan aro ba ya rufe katara. In kuma aka bar kalmar sirrin da waya ta zo da ita daga masana'anta, akwai ɓarayin da aikinsu ke nan dare da rana, lalube a intanet. Su shiga mahaɗarka daren Juma'a, su yi ta kiran lambobin ƙasashen waje masu tsada da suke da kaso a ciki, kafin Litinin bashi ya taru. Masu hawa layi na zamanin NITEL ba su mutu ba, sana'a suka sabunta.

ABIN DA TARIHI YA BAR WA MAI ZAƁE

Zaɓi a yau kusan biyu ne. Ko ka ajiye mahaɗar a cikin ofishinka, ka saya gaba ɗaya, kai ke da ita, kai ke jinyarta. Ko ka yi haya a wurin kamfanin da ke ajiye ta a kwamfutocinsa, ka biya kowane wata bisa yawan ma'aikata, wanda ya yaɗu sosai bayan kullen korona na 2020, saboda ma'aikaci na iya amsa lambar ofis daga gida ta manhajar wayar hannunsa. Kowanne da ribarsa, amma akwai tambayoyin da tarihi ya riga ya rubuta mana.

Ta farko wuta. Tsohuwar waya daga mahaɗar gari take shan wutarta, bolt 48 ta cikin igiyar, shi ya sa ko NEPA ta ɗauke tana aiki. Wayar intanet ba haka take ba. Tun 2003 akwai ƙa'idar da ke ba ta wuta ta igiyar kwamfuta, wanda ke nufin in ka sa akwatin rarraba igiyoyin da na'urar intanet a kan inbata ko sola, duka wayoyin sun tsira. In ba ka yi ba, da an ɗauke wuta ofis ya kurumce.

Ta biyu hanya. Kira ɗaya ba ya cin abin kirki, bai wuce kilobit 100 a daƙiƙa ba, wato kira goma a lokaci guda kusan megabit ɗaya. Ba yawa yake so ba, natsuwa yake so, don haka a ba murya fifiko a kan masu kallon bidiyo. Kuma a tanadi hanya ta biyu. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankunan Nijeriya suka ji a jika. Mai mahaɗa a cikin gida, ko ba komai intakom ɗinsa ya ci gaba da aiki a ranar.

Ta uku ita ce uwa: lambar da sunan wa take? A karɓe ta daga kamfani mai lasisin NCC, da sunan kasuwancin, a rubuce, kuma a tambaya tun kafin a sa hannu yadda za a yi da ita in an rabu. Kada girman kamfani ya ruɗe ka. Microsoft ya sayi Skype a 2011 a kan dala biliyan 8.5, amma a watan Mayun 2025 ya rufe shi, waɗanda suka jingina da shi suka shiga neman mafita. NITEL ma a zamaninsa wa ya zaci zai faɗi?

Komawa baya kuwa babu ita. Ingila da kanta ta sa ranar kashe tsohon layin tarhonta, a 2024 ta ɗage wa'adin zuwa Janairun 2027. Saboda haka ɗan kasuwa, da shugabar makaranta, da mai asibiti, in mai haɗa waya ya zo muku da kwalaye masu ƙyalli, ku bar maganar kyan waya tukuna. Ku ce ya rubuta muku sunan mai lambar, ya damƙa muku kalmar sirrin, ya kuma nuna muku abin da zai faru in an ɗauke wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, inda za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya. Wassalam.